Ɓera Mai Lamba Goma Sha Bakwai

Da magariba abin ya fara. Uwargida tana kwashe shanya, Likita ya dawo daga aiki, autarsa ta buɗe ƙofa, ta dube shi sama da ƙasa.

"Bawan Allah, wa kake nema?"

Ya yi dariya, don yarinyar akwai tsokana. Ita ba ta yi ba.

Likitan nan fa ba na mutane ba ne, na ɓeraye ne. A ɗakin bincikensu sai a kaɗa ƙararrawa, a sakar wa ɓera lantarki a ƙafa, a yi ta maimaitawa har firgici ya shafe masa duk abin da ya sani, ko hanyar abincinsa. Su kuma su rubuta. Wai aiki ke nan.

Kwana uku, rana na faɗuwa tsakuwa na sauka a rufin gidan. Yarinya ta san uwarta, ta san kyanwa. Uban ne kawai in ya shigo take ɓuya bayan labule.

Aka ɗauko wani tsohon malami. Ya daɗe yana karatu. Can bakin yarinya ya buɗe, muryar wata tsohuwar aljana ta fito.

"Ɗana ya shiga jikin ɓera yana wasa, kuka kama shi. Lamba goma sha bakwai. Na je bakin kejin na kira shi, ya kalle ni kamar bango. Da daɗi, Likita?"

"Me zai raba ki da yarinyar nan?" in ji Malam.

"Ɗana ya gane ni."

Washegari da yamma Likita ya kawo kejin da ƙararrawar, ya dubi yarinyar ya ce:

"Baiwar Allah, in na kaɗa, wataƙila ya tuna ki. Amma tare da azabar zai tuna, dukkanta."

Duhu ya fara cin bango, muryar tsohuwar ta ce:

"Kaɗa."

Ya kaɗa. Ɓeran ya yi wata ƙara irin ta jariri, ya dunƙule, sannan ya rarrafo ya manna hancinsa a yatsan yarinyar.

"Taho, ɗan nan," in ji muryar, a hankali. Taga ta buɗe, ta rufe.

Yarinya ta farka.

"Baba, ka rame."

Ya durƙusa zai rungume ta. Sai idonta ya sauka kan ƙararrawar. Ta janye ƙafafunta daga ƙasa, ta naɗe su a kan kujera.

"Baba, don Allah kada ka sake kaɗawa. Zafi."