Injin Taliyar Amarya

Kowace Juma'a gidan Inna Turai a Unguwar Hajji cika yake da 'ya'ya da jikoki, kuma ba abin da ke tara su sai taliyar murjinta da miyar kaza. Tun Laraba take zama da faifai a cinya, tana murza kwaɓin fulawa da yatsu, sili-sili.

Sai ga Mubina, amaryar autanta Ja'afar, ta tare daga Rogo da injin taliya cikin kayan ɗakinta. Yarinya ce mai son a yaba mata, don haka ba ta shawarci kowa ba. Laraba da hantsi ta kwaɓa, ta hau juya inji, kafin azahar igiyar shanya ta cika fal.

"Inna, na hutar da ke! Daga yau kin daina wannan wahalar."

Inna ta dubi igiyar, ta shige ɗaki. Ranar Juma'a kowa ya yi santi, ita kuwa ta ce ta ƙoshi. Daga nan ta daina cin girkin Mubina, gaisuwa ma da ƙyar take amsawa.

Mubina ta sha kuka har idanunta suka kumbura, sannan ta tari mijinta.

"Yaya, wallahi Inna ta tsane ni! Ka kai ni tasha kawai in koma Rogo!"

Hankalin Ja'afar ya tashi, ga uwa ga matar da yake so kamar ransa. "Sori, Mubina. Idan kin tafi, ni in yi yaya? Ki ƙara haƙuri don Allah."

Ta haƙura. Da Laraba ta zagayo, ta ɗaga labulen Inna za ta yi shara, sai ta tsaya cak. Tsohuwa na zaune da faifai a cinya, yatsunta na ta murzawa, alhali babu komai a cikinsu.

Tausayi ya kama Mubina. Ta koma ta kwaɓa fulawa, ta dawo ta durƙusa.

"Inna, ki koya mini murji."

"Hannun da ya saba da ƙarfe?"

"Zai saba da naki."

Ta farko da ta murza ta fito gabjejiya. Inna ta tuntsire da dariya. "Wannan taliya ce ko igiyar ɗaure akuya?" Dariyar ba ta ƙare ba hawaye ya biyo ta. "Ban tsane ki ba, 'yar nan. Ƙafa ta ƙi, ido ya yi rauni, wannan kaɗai nake iya yi wa 'ya'yana. Da kika ce in huta, ji na yi kamar an ce na gama amfani."

Ranar Juma'a, a gaban dangi duka, Inna ta janyo Mubina kan tabarmarta. "Sa hannu mu ci. Yau babu kunyar suruka, 'yata ce ke."

Ja'afar ya sunkuyar da kai yana share ido.

Haƙurin Mubina ya tsare mata aurenta, ya kuma koya mata cewa ba hutu kaɗai tsoho yake so ba, yana so ya san har yanzu ana bukatarsa.