Kafaɗa Biyu, Tsayi Ɗaya

Ranar Juma'ar Gicciye da la'asar, Don Casimiro Tzoc ya sulale daga ƙarƙashin anda, dandamalin katakon da maza arba'in ke ɗauka a kafaɗa da mutum-mutumin Yesu a kai. Ya yi aman jini a kan shimfiɗar furannin da aka ƙawata titi da ita. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Washegari garin ya tashi kamar bai gama farkawa ba. Hayaƙin turare na kwance a lunguna, duwatsu sun ɓuya cikin gajimare, kowa na tafiya a hankali. Sufeto Leocadio Batz, mutumin da ko gobara ba ta sa shi sauri, ya iso ofis ya tarar sajansa ya riga ya tsare Remedios, 'yar mamacin.

"Ita ke ba shi magani kullum, yallaɓai," in ji sajan. "Kuma duk unguwa ta ji tana cewa bana ba zai ɗauki anda ba."

Gobe da safe za a binne tsohon. In ba a wanke ta ba, tana kulle za a rufe uban da ta yi shekara tara tana jinya. Abin ya tsaya wa Sufeto a rai.

Ya fara da likitar asibiti.

"Jini ne ya ɓalle masa a ciki," in ji ta. "Alamu sun nuna ya kwana biyu yana shan ƙwayar nan mai haɗi, diklofenak da farasitamol. Ga ciwon gaɓoɓi da kumburi tana aiki, in an sha bayan abinci na 'yan kwanaki. Amma mai gyambon ciki, wanda ke shan maganin tsinka jini? Da bakina na hana shi. Shi ma tsoronta yake."

A ɗakin tambayoyi Remedios ta zauna, idanunta sun kumbura.

"Kin ɓoye masa rigar ɗaukar anda?"

"Na ɓoye. Kafaɗarsa ta kumbura, ko hula ba ya iya sawa. Shi kansa ya yarda ya haƙura bana. Sai ranar Litinin ya dawo daga atisayen masu ɗaukar anda yana murza hannu kamar saurayi, wai Ubangiji ya warkar da shi."

"Me yake ci a wajen atisayen?"

"Baba ba ya cin abincin waje. Sai kofin da Baba Evaristo, ubana na baftisma, ke haɗa masa ya sha. Wannan kam ko limamin coci bai isa ya hana shi ba."

Mai kemis ɗin bakin kasuwa ya rantse bai taɓa sayar wa gidan Tzoc ƙwayar ba. Sufeto ya tsaya yana kallon kwalaben da ke kan kanta, har mai kemis ya tsargu.

"To, Don Evaristo ya saya," in ji shi yana sosa ƙeya. "Kati uku. Wai gwiwa ke damunsa."

Daga nan Sufeto ya wuce ɗakin ƙungiyar masu ɗauka da ke bayan coci. An jingine anda a kan ƙafafunsa, kyandirori sun narke a gefe. Hasken rana na shigowa ta taga cikin hayaƙi, har ya ji kamar yana tafiya a ƙarƙashin ruwa. Ya tuna yana yaro a wuyan ubansa, yana kallon anda na lilo a saman kawunan mutane.

A bango akwai sandar awo cike da zanen alli. Shugaban ƙungiya ya nuna masa layi biyu can ƙasa, su kaɗai.

"Ka san ƙa'ida, Sufeto. Na dama da na hagu dole kafaɗarsu ta zo daidai, in ba haka ba nauyi ya danne ɗaya. Waɗannan na Casimiro da Evaristo ne, tsufa ya ranƙwafar da su tare. Shekara arba'in da tara suna gefe da gefe, bana ta hamsin."

"In ɗaya ya janye fa?"

"Ɗayan ma ya zauna ke nan. Babu mai tsayinsu."

Sufeto ya sami Don Evaristo Pac a cikin coci, durƙushe a kan dutse. Da ya ji takun sahu ya miƙe tsaf, ko benci bai dafa ba.

"Yaya gwiwa, Don Evaristo?"

"Gwiwa? Ɗana, wannan gwiwar ta girmi ubanka, kuma har yau ba ta san ƙofar kemis ba."

"Mai kemis kuwa ya san ta. Kati uku."

Tsohon ya zauna kan benci a hankali, yana juya hularsa a hannu.

"Remedios na tsare," in ji Sufeto. "Gobe za a binne ubanta babu ita."

Sai a lokacin fuskarsa ta sauya.

"Ban sani ba. Ni na riƙe yarinyar nan ranar baftisma. A kofi nake daka masa, biyu da safe in na leƙa shi, biyu wajen atisaye. Casimiro baƙin kofi yake sha, ɗaci ba ya ba shi tsoro."

"Ka san likita ta hana?"

"Na sani. Na ce ai likitoci har gishiri hanawa suke. Kwana biyar kawai nake nema, mu cika hamsin mu ajiye. Da na ga ya ɗaga hannu yana dariya, na zaci alheri na yi masa." Hawaye suka gangaro masa. "Ƙarya nake. Don kaina na yi."

Sufeto ya ji tausayinsa, bai kuwa so ya ji ba. Ya kira sajan a waya ya ce a saki Remedios. Bai sa wa tsohon ankwa ba, ya dai riƙe masa hannu suka tako har ofis.

A bakin ƙofa suka yi kiciɓis da Remedios, an sake ta, sajan ya gaya mata komai. Tsohon ya sunkuyar da kai.

"'Yata, roƙo ɗaya. Ki sa baki a bar ni in ɗauki akwatinsa gobe, ko zuwa kwanar farko."

Ta daɗe tana kallonsa, ba fushi a fuskarta, sai gajiya.

"Da wa za a jera ka, Baba Evaristo?"

Ta gyara mayafinta ta sauka titi. Sajan ya buɗe ƙofar ciki, tsohon ya shiga.