Sanata Na-Goyi-Baya

"To ka faɗa mini mana! Me Baban naka ya ce?"

Zayyanu ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin babur ɗinsa. Suna tsaye ne a gefen shagon goron Kawu Badaru a Agege ta Legas, da la'asar, motocin haya na danfo sai wucewa suke suna bula musu hayaƙi.

"Bara'atu, don Allah ki bi ni a hankali..."

"Tun ɗazu a hankali nake bin ka. Oya, faɗi, ina ji."

"Cewa ya yi shi bai ƙi ki ba. Amma ba ya karɓa wa ɗansa aure daga hannun kawu alhali uba na raye. Ko dai mahaifinki ya zo, ko ya wakilta wani da bakinsa a gaban shaidu. In ba haka ba... wai a bar maganar."

Ta yi wata 'yar dariya wadda kuka ya fi ta daɗi.

"Wato ba ni da uba ke nan."

"Wallahi ban ce ba!"

"Kai ba ka ce ba. Kasuwar Mile 12 ce ta ce, Babanka kuma ya ji."

Gaskiya ta faɗa. Tun da aka fara maganar aurensu, dillalan albasa suke cika wa Alhaji Balarabe, mahaifin Zayyanu, kunne. Wai labarin cewa ubanta Sanata ne ƙirƙira ce, in da gaske 'yarsa ce ai da an taɓa ganin ƙeyarsa a Agege.

"Masoyiyata, dube ni," in ji Zayyanu. "Ni ko daga sama kika faɗo ina son ki. Amma ba ni iya take maganar tsohon nan. Wata ɗaya ya ba ni."

"Wata ɗaya..." ta maimaita. Ta juya ta shige gida da sauri, don kada ya ga hawayenta.

Uba dai tana da shi, har ma ya fi na kowa fitowa a jarida. Sanata Audu Maikwano ke nan.

A shekarar 1979 ya sauka Legas a matsayin ɗan majalisar wakilai, lokacin majalisa tana nan. Abincin Ikko ya ƙi karɓarsa, sai ya riƙa zuwa Agege cin tuwo. A nan ya ga Hadijatu, 'yar mai tuwon, ya nace har aka ɗaura musu aure a masallacin layin. Da aka haifi yarinya shi da kansa ya raɗa mata Bara'atu. Tana shekara biyu sojoji suka karɓe mulki, sai gogan ya ɗauki jakarsa ya ce bari ya je gida ya ga yadda abubuwa za su lafa. Bayan wata shida takardar saki ta iso, an rubuta ta a kan ragowar takardar majalisa mai tambari. Ko ta sakin ma bai iya sayen tasa ba!

Tun daga nan babu gwamnatin da aka yi ba da shi ba. Sojoji suka tara masu rubuta tsarin mulki, yana ciki. Aka buɗe majalisar dattawa a 1992, yana ciki. Aka rufe, ya koma gefe ya yi lamo. Farar hula suka dawo a 1999, sai ga shi a Abuja da sabuwar malum-malum. Kuma a duk tsawon shekarun nan ba a taɓa jin ya kawo ƙuduri ko guda ba. Shi dai ya zauna ya naɗe hannu a kan tumbi har sai an gama cacar baki. Sannan ya dubi dama, ya dubi hagu, ya ƙirga inda kawuna suka fi yawa, ya miƙe ya gyara hula ya ce ya goyi baya. Har 'yan jarida suka laƙaba masa Sanata Na-Goyi-Baya, shi kuwa ko a jikinsa.

Bara'atu ta san duk wannan, domin tun tana firamare take yanke hotunansa daga jaridun da ake naɗe goro da su, tana tarawa a wani tsohon gwangwanin madara. In ka tambaye ta sai ta ce don ta riƙa tuna irin mutumin da bai kamata a zama ba ne. Ƙarya take. Jira take wata rana ya tuna da ita.

Wasiƙa uku ta rubuta masa a kan maganar auren, ko ɗaya ba a amsa ba. Kawu Badaru, yayan mahaifiyarta, wanda ya riƙe ta tun tana rarrafe, ya rufe shago ya hau mota har Abuja. Kwana biyu ya yi a bakin ƙofar gidan, kullum amsar ɗaya ce: oga yana mitin.

Saura kwana tara wa'adin ya cika aka ji sanarwa. Bayan rikicin da aka yi a wajejen Mushin, wasu manya za su zo yi wa Hausawan Legas jaje, kuma za su tsaya a Agege ranar Asabar. Har da Sanata Maikwano a tawagar. Dole ya zo mana, zaɓe ya matso, rabin 'yan kasuwar nan kuma daga mazaɓarsa suke, motoci suke cikawa su tafi gida jefa ƙuri'a.

Da safe Bara'atu ta sami Kawu da Inna Hadijatu a tsakar gida.

"Kawu, ranar Asabar kai za ka yi magana."

"In ja shi gefe in roƙe shi? To, zan gwada..."

"A'a! In ka ja shi gefe zai ce a kawo a rubuce. Mutumin nan bai taɓa fara faɗar komai ba a rayuwarsa. A tsakiyar taro za ka faɗa, bayan ka tabbatar Malam Liman da dattawa suna tare da kai. In ya ga kawuna sun yi yawa, da kansa zai miƙe."

Inna ta tsaya da tankaɗen da take yi.

"Ke Bara'atu, ki ji tsoron Allah. Ubanki ne fa."

"Inna, abeg, don Allah. Ai so nake ya faɗi hakan da bakinsa."

Inna ta sunkuyar da kai ta koma kan tankaɗenta.

Ranar Asabar aka kafa rumfuna a ƙofar gidan wani dattijon unguwa. Maza suka cika kujeru, mata suka tsaya daga baya. Alhaji Balarabe yana sahun gaba, Zayyanu na bayansa sai share gumi yake. Tun azahar ake jira, sai bayan la'asar jiniya ta kunno kai.

Nan Bara'atu ta fara ganin mahaifinta ido da ido tun da ta yi wayo. Gajere ne, bai kai yadda yake a hoto ba. Abin da ya fi ba ta haushi shi ne hancinsa, nata ne sak.

Aka yi addu'a, aka yi jawabai. Shugaban tawaga ya yi nasa, Sanata Maikwano ya gyaɗa kai tun daga farko har ƙarshe. Ana shirin tashi sai Kawu Badaru ya miƙe ya karɓi abin magana.

"Jama'a, ku yi mini afuwa, magana ce ta gida. Sanata ba baƙo ba ne a Agege, surukinmu ne. A masallacin can aka ɗaura aurensa da ƙanwata Hadijatu, ga Malam Liman wanda ya ɗaura."

"Ƙwarai, ni na ɗaura," in ji Liman.

"Mun shaida!" dattawa suka amsa. Wani tsoho har da ƙarin cewa shi ya raba goron sunan.

"To 'yarsa ta girma, ta sami miji, ɗan Alhaji Balarabe. Ina neman Sanata ya wakilta ni a gaban jama'ar nan in ba da aurenta."

Wani ɗan rediyo ya matso da rikodarsa har kusa da bakin Sanata.

Bara'atu ta kafe Sanata da ido daga cikin mata. Ita ta shirya komai, ta kuma san abin da zai faru. Amma a wannan lokacin sai ta sami kanta tana roƙon Allah ya sa ta yi kuskure. Ya miƙe ya ce ina take? Ya ce ku kawo mini ita in gani! Ko da faɗa ne ya yi, ko ya ce an yi masa rashin kunya, in dai daga zuciyarsa maganar za ta fito...

Sanata ya dubi dama. Ya dubi hagu. Tana kallon leɓensa yana motsi, wallahi ƙirgawa yake! Sannan ya miƙe, ya gyara hula.

"To... alhamdu lillahi. Na goyi baya."

Aka ɗauki kabbara. Alhaji Balarabe ya miƙa wa Kawu hannu yana washe baki, kamar ba shi ne mai ba da wa'adi ba. Mata suka rangaɗa guɗa suna rungumar Bara'atu, ita kuwa tana tsaye kamar an dasa ta.

Sai ga wani mai kwat ya zo ya ce oga na kiran ta a yi hoto.

Ta je ta durƙusa a gefen motar. Ya dafa kanta, fuskarsa na wajen mai hoto.

"Madalla, madalla. Allah ya yi miki albarka, 'yata... e..." Ya waiwayi mai kwat ɗin. Shi ma ya hau duba takardun hannunsa.

Ta ɗago ta dube shi sosai.

"Bara'atu, ranka ya daɗe. Sunan mahaifiyarka ne."

Bakinsa ya buɗe, ya sake rufewa. Ya dubi dama, ya dubi hagu, babu wanda zai fara yi masa magana. Ta miƙe ta kakkaɓe zanenta ta bar wurin tun kafin a ɗauki hoton.

A bayan shagon goro Zayyanu ya same ta tana kuka kamar ranta zai fita.

"Haba rabin raina! Mun yi nasara fa, Baba ya ce a sa rana!"

"Na sani..."

"To kukan na mene ne?"

"Zayyanu, ko sau ɗaya bai ba ni mamaki ba. Ko sau ɗaya!"

Sai ya tsuguna nesa kaɗan da ita har ta gaji don kanta. Washegari Inna ta ga gwangwanin madarar nan a wanke, an zuba gishiri a ciki. Ba ta tambayi inda hotunan suka tafi ba.

Bayan mako uku aka ɗaura aure. Sanata bai zo ba, ya dai aiko da kalanda guda hamsin masu hotonsa a raba wa mahalarta.

Bara'atu na ɗaki cikin ƙawaye, lasifikar masallaci na kawo musu komai. Ta ji Liman yana karanta wa Kawu yadda zai faɗa: a madadin mahaifinta, Sanata wane, na ba da aurenta. Sai muryar Kawu Badaru ta fito.

"Ni Badaru... na ba Zayyanu auren 'yata Bara'atu."

Ta riƙe numfashi tana jiran a ce ya sake. Liman ya yi gyaran murya kawai, ya ce a shafa fatiha.

Ta kifa kanta a cinyar Inna ta fashe da kuka, lallen hannunta na shan hawaye.

"Inna, kin ji? Bai bi abin da Liman ya karanta masa ba, 'yata ya ce."