Shingen Ɗan Talata

Bayan la'asar sakaliya Fanna ta ɗauki igiya da gammo ta fita neman itace, kamar yadda ta saba tun shigowar ɗari. Koko take sayarwa a tashar Gure. Tun kafin gari ya waye fasinjojin Damagaram da na Diffa ke cika wurin, kowa ya ƙudundune cikin bargo yana jiran mota ta cika, kuma ba mai sayen koko in ya huce. Ga tsohuwarta a ɗaki tana fama da tari, ba ta iya barci sai da wuta a gefenta.

Itace kuwa ya yi wuya a shekarun nan. Ma'aikatan gandun daji sun hana saran ɗanyen icce, wanda duk aka kama da gatari a gindin gawo sai ya yini a biro, wato ofishinsu, yana ba da haƙuri. Busasshen da ke kusa da gari an tsince shi tas. Masu jakuna su tafi nesa su yiwo. Fanna ba ta da jaki.

Amma akwai shinge.

A bayan gari akwai wani tudun rairayi mai tafiya. Kowace shekara sai ya matso, ya cinye gona, ya fara leƙen katangar gidajen ƙarshe. Sai wani furoje, aikin tallafi na tsayar da rairayi, ya zo, aka tara mutane ana ba su alkama da mai, suka kakkafa busassun rassa da kaba jeri-jeri a kan tudun, don su riƙe rairayin har 'yan itatuwan da aka dasa su kama ƙasa. Aka sa wani tsoho gadi, sunansa Ɗan Talata, mai tsohon kwat na soja da ɗan gwangwanin taba gari a aljihu.

Rassan nan sun bushe ƙayau. Ƙyastawar ashana ɗaya su kama.

Da guda biyar Fanna ta fara. Ta ce a ranta biyar ba za su tayar da tudu ba. Daga biyar sai dami. Wata yamma ta ɗago kai, ga Ɗan Talata tsaye a kanta.

"'Yata," ya ce, "wannan ba itacen wuta ba ne. Ƙofa ce kike ɓallewa."

"Baba, Inna ce ba lafiya."

Ya dubi damin, ya dube ta, ya tofar da taba gefe.

"Ɗauki ki tafi. Amma kada ki ƙara."

Ta ƙara. Ba zan yi mata kwalliya ba, ta ƙara har ita kanta ta manta sau nawa.

Da iska ta taso, rairayi ya bi ta giɓin ya binne dashe jeri uku. Wani mushe, wato babban ma'aikaci, ya zo daga biro a mota, ya tara mutane, ya ce tsohon ne ke sayar da shingen. Fanna na cikin taron da ƙwaryarta a ka. Aka tambayi Ɗan Talata wa ke cirewa. Ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya, idonsa ya bi ta kanta bai tsaya ba, ya ce shi bai ga kowa ba. Aka kore shi. A bakin rijiya mata suka laƙa masa suna ɓarawon kara. Fanna tana ji, ta ja guganta ta yi tafiyarta.

Korar ba ta hana tsohon zuwa tudun ba. Kullum da yamma ana hango shi a duƙe yana toshe giɓi da rassan da ya tsinto. Sanyi ya shiga haƙarƙarinsa. Kwana shida ya yi a kwance, rai ya yi halinsa. Ranar da nake ba ku labari, da safe aka yi sadakar bakwai ɗinsa. Fanna ta je, aka miƙa mata masar sadaka, ta sunkuyar da kai ta ci.

Da ta fito neman itacen ta rantse busasshen kashin shanu kawai za ta tsinto. Ta zaga, ta zaga, ba ta samu abin da zai tafasa ruwan moɗa ba. Ba ta ankara ba sai ga ta a gindin tudun.

Rana ta yi ja. Sanyi ya fara cizon kunne. Daga gari tana jiyo daka, da kukan jaki, da wata kamiyo, babbar motar kaya, tana nishi a kan hanyar Diffa. Ta hau tudun ta gangara ɗaya gefen, inda ba mai hango ta.

Nan duk ƙarar gari ta ɗauke.

Ta kama reshen farko, ya fito ba gardama. Na biyu ma haka. Ba ta taɓa jin sun yi sauƙin zarewa irin na ranar ba, kamar ana turo mata su daga ƙasa. Nan da nan ta haɗa dami, ta durƙusa tana ɗaurewa.

Sai ta ji warin taba. Taba gari da kanwa, kusa, kamar mutum ya yi numfashi a ƙeyarta.

Ta waiga. Ba kowa.

Tsuk.

Ƙarar reshe ne in an soka shi cikin rairayi. Sannan dab, dab, irin yadda ake daddanne gindinsa.

Tsuk. Dab, dab.

A can ƙarshen jerin akwai mutum a duƙe, ya ba ta baya. Kwat ɗin soja ne a jikinsa. Har facin kafaɗar ta gane.

Ta runtse ido, ta buɗe. Ya matso. Bai miƙe ba, bai taka ba, yana nan a duƙe, amma ya cinye rabin tazarar. Rairayin bayansa sumul, ba sawu ko ɗaya.

"Salamu alaikum," ta ce. Muryarta ta fito kamar ta kaza.

Bai amsa ba.

"'Yata."

Muryar Ɗan Talata ce. Sai dai ba daga kwat ɗin ta fito ba. Daga ƙarƙashin ƙafafunta ta taso.

"Kin ƙara."

"Baba, ka yafe mini."

"Shi ya yafe," in ji muryar a hankali. "Mu bai tambaye mu ba."

Igiyar ta suɓuce daga hannunta.

"Tun kakanninki muke yawo da rairayin nan, ba mu taɓa kwana biyu wuri ɗaya ba. Shi ya tsayar da mu. Ko reshe ɗaya bai taɓa kafawa ba sai ya yi mana sallama. Ke kullum sai ki zare mana ƙofa ko bismilla babu."

Ta yunƙura za ta gudu. Ƙafafu suka ƙi.

Ta duba ƙasa. Tana tsaye ne daidai cikin giɓin da ta yi, faɗinsa faɗin mutum ɗaya. Rairayi ya riga ya rufe mata idon sawu.

Abin ya iso gabanta.

Ya miƙo hannuwa daga cikin kwat. Yatsu dogaye, busassu, kamar tsagin kaba. Ya tattaro rairayi ya tara a gindin ƙafarta ta dama.

Dab, dab.

Ya koma ta hagu.

Dab, dab.

"Reshe ɗaya ya rage," ya ce.

Sanyin ya hau ƙwaurinta kamar ruwan randa. Ta nemi Ayatul Kursiyyu, wadda take karantawa tun tana yarinya, ta rasa farkonta. Harshe ya yi nauyi.

Rairayi ya kai gwiwa.

Abin ya ɗago kai. A cikin wuyan kwat ɗin babu fuska. Rairayi ne kawai ke zuba, siriri, shuuu, ba ya ƙarewa.

Ba addu'a ce ta fito daga bakinta ba.

"Ni ce! Ni na cire! Ba ɓarawo ba ne, wallahi ni ce!"

Hannuwan suka tsaya.

 

"Mu ai mun sani," in ji muryar.

Daga nesa, siriri kamar zare, kiran sallar magariba ya ratso tudun. Fanna ta fizgo reshe daga damin. "Bismillahi." Ta soka a gefenta. "Salamu alaikum." Ta soka wani. Tana kuka tana kafawa, hannunta duk jini, har damin ya ƙare. Ta ji rairayin ya ɗan saki. Ta dafa ƙasa ta ja jikinta da ƙarfin tsiya, ƙafafu suka zaro, takalma suka tsaya can ciki.

Ba ta waiga ba. Tana gangarawa tana faɗuwa tana tashi, tana jin sa a bayanta, ba gaggawa.

Tsuk. Dab, dab.

Kwana uku ba a ga koko a tasha ba. Tsohuwar da ake jinya ita ta koma shafa wa 'yarta man zafi a ƙafa. Rana ta huɗu Fanna ta tashi ta tafi biro, ta faɗa wa mushen komai a gaban mutane. Ya yi faɗa, ya buga tebur, ya ce ta je ta gyara abin da ta ɓata. Wannan duk mai sauƙi ne.

Mai wuyar ita ce Habsu, matar marigayin. Ta same ta a zaune kan tabarmar takaba tana jan carbi. Fanna ta durƙusa ta zayyana mata, kanta a ƙasa.

"Na sani," in ji Habsu. "Tun ranar farko ya gaya mini. Ya ce in na buɗe baki bai yafe mini ba, wai uwarki na tari."

"Inna Habsu, ki yafe mini."

"Kin ci masar sadakarsa a gabana, Fanna. Ina kallon bakinki." Ta ja carbi guda biyu. "Ba a ɗakin nan aka zage shi ba. A bakin rijiya ne. Can za ki."

Can ta tafi, da hantsi, lokacin da mata suka fi yawa. Ta ajiye guga ta faɗa da ƙarfi. Wasu suka tofa mata yawu, wasu suka sunkuyar da kai, don su ma bakinsu ya taɓa sunan nan. Daga ranar ba a sake cewa ɓarawon kara ba. Wurin ma shingen Ɗan Talata ake ce masa.

Fanna ta koma dafa kokonta da kashin shanu da karan gero, hayaƙi na sa ta hawaye, fasinja na mita. Kullum bayan la'asar sai ta hau tudun da rassa a ka, ta yi sallama, ta kafa, ta sauko tun rana na sama. Ƙafafunta kuwa daga gwiwa zuwa ƙasa ba su sake yin ɗumi ba, ko a tsakiyar bazara.

Shingen ya tsaya, dashen ya kama, tudun bai sake matsowa ba. Wuri ɗaya ne kawai ya ƙi. A wancan jerin akwai giɓi mai faɗin mutum ɗaya. Duk abin da ta kafa a ciki, kashegari sai ta tarar an zare shi an jera a gefe, tsaf, ba a karya ko ɗaya ba.

Takan tsince su ta sake kafawa. Ba ta taɓa tambayar kowa wa ake ajiye wa wurin ba.