Wasiƙun Maroko

Ranar da Muntari ya kawo jakar Yari gidan Malam Junaidu a Ƙofar Dundaye, Sakinatu ce ta kai masa ruwa zaure. Da ta ga jakar yayanta a hannun baƙo, sai ta ajiye ƙwaryar ruwan, ta ƙura wa jakar ido. Shekara uku ke nan da samarin biyu suka tafi Maroko fataucin jar fata. Ɗaya ne ya dawo.

"Ke ce Sakinatu," in ji shi a hankali. "Kullum sai ya ambace ki."

Daga ranar ta kasa sukuni. Ko tsakar rana takan ji kamar takun Yari a bayan ɗaki, ta leƙa, ba kowa. Sai ta aika gwaggonta Hajjo ta roƙi Muntari ya faɗa mata inda yayanta ya taka.

Wasiƙa ta zo da ajami: "Ƙanwata, mun fara da Tanja, inda tekuna biyu ke haɗuwa. Yari ya ɗanɗana ruwan, ya tofar, ya ce gulbinmu na Rima ya fi."

Ta yi dariya har da hawaye.

Wasiƙa ta biyu ta kai ta duwatsun Atlas masu farar ƙanƙara, ta uku Marrakush mai jan gini. A ta huɗu "ƙanwata" ta ɓace. "Hasken idona, lungunan Fas sun fi dubu, ban ɓata ba. A zaurenku na ɓata."

"Ka zo a nuna maka hanya, Bamaroke na," ta amsa.

Amma da manyan Muntari suka zo neman aure, Malam ya ƙi. Arzika, wani mai shanu na Mabera da ke son ta, ya baza cewa Muntari gudu ya yi ya bar Yari kwance.

"Wanda ya tahi da ɗana ya dawo shi ɗai, ba ni ba shi ɗiyata," in ji Malam.

Sakinatu ta durƙusa, ta ajiye wasiƙun gabansa. "Baba, ka karanta, sannan ka yanke."

Kwana uku yana karanta su. A na huɗu ya sa aka kira Muntari.

"Ka ba da labarin ko'ina. Ina ka baro shi?"

"Allah gafarta Malam, zazzaɓi ya kama shi a Fas. Kwana sha tara ina jinyarsa. Ni na yi masa wanka, na sa shi a kan tudu, ƙarƙashin zaitun. Daga nan ana jin kiran sallar garin duka."

Malam ya daɗe yana kallon hannuwan saurayin.

An ɗaura aure bayan damina, makon da aka ɗaga sabuwar tutar 'yancin ƙasa. Da za a kai amarya, Malam ya dafa kanta.

"Ki tahi, ɗiyata. Hannun da ya rufe ɗan'uwanki ba ya wulaƙanta ki. Allah shi yi muku albarka."