Jar Tawada a Ɓawon Ƙwai

"Ba zan kashe injin ba, Mama."

"Ni kike ce wa ba za ki ba?"

"Ki gafarce ni... amma ba zan kashe ba."

Ta katse wayar. Ɗakin bincike ya yi tsit, sai gurnanin injin ƙyanƙyasa.

Aikina ke nan a jami'a: in huda ɓawon ƙwai, in ɗiga wa ɗan tayin kaza maganin sa barci irin na tiyata, daga baya in duba ko ƙwayoyin garkuwar jikinsa sun ragu. Da fensir kaɗai muke yi wa ƙwai alama, domin ɓawo yana numfashi, tawada tana iya ratsa shi.

Wanda zan aura bai san haka ba. Likitan sa barci ne, Uwar Kaji yake kirana. Ya samu aiki a wata ƙasa, an shirya in gama wannan zagaye, a ɗaura aure, mu tafi tare.

Rannan ya kawo mini ziyara, na fita wanke hannu. Ina dawowa na tarar ya bi ƙwaina da jan alƙalami, kowanne ya zana masa zuciya.

"Kin ga 'ya'yanmu sun yi kwalliya!"

Na ɗauki ɗaya na duba.

"Masoyi... ka kashe mini aiki."

"Ɗan zanen? Haba, Uwar Kaji!"

"In ƙwayoyin garkuwar suka ragu, me zan ce ya rage su? Maganin ko tawadarka?"

"To wa zai sani?"

"Ni."

Dariyarsa ta ɗauke. "Sabon zagaye wata nawa?"

"Sai bayan ka tafi."

"Ki rubuta abin da kika samu kawai, ki biyo ni. Don Allah, rabin raina."

"Kai da kake sa wa masu ciki wannan maganin? In ka karanta ƙarya a takardata, hannunka ba zai yi rawa ba?"

Ya ajiye alƙalamin a hankali, ya fita.

Yaya ya zo har ofis da faɗa. "Boko ya haukata ki! Ki bar mutum saboda abin da ake soyawa da safe?" Ƙanwata kuwa kullum sai ta turo mini hoton kaza sanye da mayafin amarya. Na karɓo sababbin ƙwai, na fere fensir.

Ranar tafiyarsa ina haska ƙwai a fitila, ina kallon wata zuciya kamar ƙwayar gero tana bugawa. Ya kira sau ɗaya.

"Kin fi son su da ni."

"A'a. Na fi son in iya kallon idonka."

"To... Allah ya ba da sa'a, Uwar Kaji."

Sakamakona ya fito tsaf, ba wanda ya isa ya ce ƙala. Mama har yau gaisuwa kawai take amsa mini. Shi kuma na ji ya yi aure.

Ƙwai ɗaya mai jar zuciya na tsiyaye na ajiye a aljihun tebur. Ba nauyi, ba kowa a ciki. Da shi na sayi gaskiyata, kuma ban ce ta yi araha ba.