Madubin Tankar Jamusawa

Ana gab da magariba Miftah ya bar tantinsa, guduma a hannu, kishi na cin ransa. Duk a kan madubi ne fa. Tun da yaƙi ya ƙare a kudancin garin Tobruk na ƙasar Libiya, kowa ke kwasar ƙarafan tankokin Jamusawa da suka ƙone. Ɗan baffansa Salihin ya ɓallo madubin leƙe daga wata tanka ya rataye a tantinsa. Shi ke nan, Mabruka matar Miftah ta mai da can wurin zuwa kullum.

"Madubin kike dubawa ko mai madubin?" ya tambaye ta da safe.

"Kai dai ka ji kunya," ta ce tana hawaye. "Kawo naka mana, in zauna a gida."

To, zai kawo. Salihin ya ce saura ɗaya a tankar, amma ko a ɗaure ba zai koma ba. Matsoraci kawai!

Ya bi sawun tumaki don gudun nakiya har cikin wani kwari. Tankar na nan a karkace, bakin bindigarta a cikin yashi. Kowa kan nemi izinin aljanu masu wuri kafin ya shiga kango. Miftah ko bisimilla bai yi ba, fuskar Salihin kawai yake gani.

Ya zura jiki ta murfin sama. Zafi, warin tsatsa da ƙonannen mai. Can sai ƙamshin kanumfari, irin wanda Mabruka ke shafawa a gashi.

Ya kai ido kan madubin. Maimakon yashi, cikin tantin Salihin ya gani. Ga Mabruka tana sa kwalli, tana murmushi. Ita kaɗai.

"Matsa," aka raɗa masa a kunne. "Wurina ne nan."

Babu kowa. Amma kujerar ƙarfen da ke gefensa ta yi ƙara.

"Ni take yi wa murmushi kullum. Kai yaushe rabonka da shi?"

"Matata ce," in ji Miftah.

"Kai ne mai sa ta kuka. Zauna nan. Ni zan je."

Murfin ya fara sauka, ƙiiii.

Ya yi kukan kura ya cusa kai waje. Ƙarfen ya datse mayafinsa. Ya sulle ya bar shi, ya runtuma, ko ta nakiya bai yi ba.

Tantin Salihin ya fara faɗawa, ya tarwatsa madubin, sannan ya isa gida yana haki.

Mabruka na wanke kofunan shayi biyu. Ga mayafinsa a ninke a kan shimfiɗa.

"Au, sake fita ka yi?" ta ce. "Wallahi haƙurin da ka ba ni ɗazu ya wanke min zuciya."

Tun daga ranar bai ƙara kishin Salihin ba. Amma duk sanda Mabruka ta yi masa murmushi, sai ya waiga bayansa.